Motar Yaya a Garejin Dogo

Talata, da hantsi

Dogo bakanike ya kira ni ina tsakiyar yanka yadi a shago. Ya ce ya nemi Anti, matar Yaya, ba ta ɗauka ba, shi ya sa ya nemo lambata. Ya tambayi jikin Yaya, na ce da sauƙi. Haka nake ce wa kowa, har bakina ya saba, ba ya jiran izinina.

Maganar motar ce. Tana garejinsa tun kafin abin ya faru, an ɗora ta a kan itace, an sauke giyabos ɗin an wargaza. Giya ta uku ce ta lalace. Yaya ya ce masa shi da kansa zai nemo kayan, kada kowa ya taɓa masa. To ga shi yanzu Yaya na kwance a asibiti, mai filin kuma ya fara ƙorafin motar ta tare wuri. Dogo ya ce yana jin nauyin tayar da zancen a irin wannan lokaci, amma dole wani ya faɗi yadda za a yi.

Na ce zan zo. Na koma kan yadin na yanka hannun riga biyu duk na hagu.

Talata, da yamma

Ba zan rubuta sunan ciwon ba. Likita ya faɗa, Anti ta maimaita, ya isa. Hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama ba sa jin magana, bakinsa ya karkace, kalma ba ta fita. Idonsa dai nasa ne.

Laraba, da rana

Na je garejin. Ban yi tsammanin zan ji abin da na ji ba. Tana can ƙuryar fili, shuɗin fentinta duk ya koɗe a sama, ba tayoyin gaba, bonet a buɗe. Hularsa na kan kujerar baya. Motar nan ta girmi 'ya'yansa duka. A cikinta aka kai Inna asibiti, a cikinta ya je ya kwaso ni da kayana ranar da aurena ya mutu, bai tambaye ni komai ba a hanya, sai ya kunna rediyo.

Dogo ya kai ni gaban tebur ya nuna mini kayan cikinta a jere a kan buhu. Ya ɗaga wani ƙarfe mai haƙora kewaye da shi, wasu haƙoran sun gutsire. Ya ce wannan ce giya ta uku. Ya nuna mini wani zoben tagulla da ya suɗe, ya ce shi ke sa giya ta shiga ba gurnani, sai sandar ƙarfen da suke hawa a kai, ita ma ta ji jiki. Ya ce matsalar ita ce motar mai turbo ce, wato tana da wani ƙaramin inji mai tura iska yana ƙara mata ƙarfi, kuma irinta masu giyar hannu kaɗan aka yi tun asali. Kamfanin ma ya daina yin kayanta da daɗewa.

Na tambaye shi ko Yaya ya samu wani labari kafin ya kwanta. Ya ce kullum yana zuwa da sabon labari, ba wanda ya tabbata.

Na ce ya naɗe mini giyar da zoben. Ya dube ni, ya nemo tsumma mai ɗan tsabta. Suna cikin jakata yanzu, tare da almakashi.

Alhamis, da yamma

Kasuwar kayan mota, tun safe. Layi bayan layi, ƙasa duk baƙin mai, takalmina ya tashi daga aiki. A rumfar farko na ce giya nake nema, mai rumfar ya ce, “Hajiya, ki rufa mana asiri, nan ba mashaya ba ce.” Duk suka yi dariya, ni ma na yi. Rabona da dariya tun ranar da Yaya ya faɗi.

Da na kwance tsumman sai dariyar ta tsaya. Kowa ya juya ƙarfen a hannunsa, ya kira maƙwabcinsa, shi ma ya juya. Wani ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaron shago. Wani ya ce a sa mata giyabos na otomatik a huta. Wani ya tambaye ni me ya haɗa mace da wannan wahala, ba maza a gidan ne? Na ce akwai, yana kwance.

Wani mai faɗin fuska ya karɓi lambata, ya ce yana da ɗan'uwa a wani gari mai sauke tsofaffin injuna, zai tambaya.

Juma'a, da safe

Ba kira.

Juma'a, da yamma

Anti ta fita sayo magani, aka bar ni da shi. Ban san abin da zan ce ba. Duk masu zuwa dubiya magana ɗaya suke yi masa, da ƙarfi, kamar kunnensa ne ya samu matsala. Sai na fara ba shi labarin kasuwa, har da mai zancen mashaya. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Na ciro giyar na sa masa a hannun hagu. Ya riƙe ta, yana bin haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan waɗanda suka gutsire sai ya tsaya, ya dube ni.

Na ce, “Zan samo, Yaya.”

Ya lumshe ido. Ban san ko amincewa ba ce ko gajiya. Man ƙarfen ya ɓata zanen gadon, ma'aikaciyar jinya ta yi mini faɗa, na ba ta haƙuri.

Lahadi, da rana

Masu ɗinki sun fara zuwa karɓar kaya, ban gama ba. Na ce musu da sauƙi, su ma.

Litinin, da hantsi

Mai faɗin fuska ya kira. An samu, giyabos ɗin ɗungurungum, daga irin motar sak. Za a ba direba ya taho da shi. Na tashi na share shagon tas, har bayan kabad.

Laraba, da yamma

Ya iso cikin buhu, mu biyu da mai amalanke muka kai shi gareji. Dogo ya wanke shi da fetur, ya kwance, ni ina zaune a kan wata tsohuwar taya ina kallo. Daga waje kamar tagwaye. Da ya zaro sandar ya ajiye kusa da ta Yaya, ni kaina na ga ta fi siranta. Ya gwada giyar, tana lilo.

Ya ce na irin motar ne, amma marar turbo. Ko an yi dabara an sa, ƙarfin injin zai tauna shi cikin 'yan kwanaki. Ya ce in ina so zai sa, amma ba zai iya kallon idon Yaya ba.

Na kira mai faɗin fuska. Bai yi gardama ba, ya ce a mayar, shi ma bai san akwai bambanci ba. Da ma ya yi gardamar, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Alhamis, da safe

Ban je asibiti jiya ba. Ban san da wace fuska zan shiga ba.

Asabar, da yamma

Babban ɗan Yaya ya iso daga garin da yake aiki. Ya rame, idonsa ja. Na tuna lokacin da nake goya shi yana cizon mini kafaɗa. Ya gana da likitoci, ya fito da takardu a hannu, ya zaunar da mu a barandar asibiti. Ya ce in an sallami Baba zai tafi da shi da mamarsa can wurinsa, akwai asibitin masu gashin ƙashi da motsa jiki kusa da gidansa, kuma gidan ba bene ba ne. Ya ce ƙarshen wata. Anti ta sunkuyar da kai, na gane sun riga sun gama maganar.

Duk abin da ya faɗa daidai ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na tambaya sai yaushe za su dawo. Ya ce sai yadda hali ya yi.

Sai ya kawo zancen motar. Ya ce ya ji ina ta yawo kasuwa, in bari haka nan, a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta. Ya ce, “Gwaggo, ko kin gyara ta, wa zai tuƙa? Baba ba zai ƙara taka totur ba. Likita ya faɗa.”

Na ce na ji abin da likita ya faɗa, kunnena ƙalau. Na ce motar ba tasa ba ce, ba tawa ba ce, mai ita kuma yana da rai. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na so, wata mata mai ɗauke da fulas ta waiwayo. Ya ce in yi haƙuri. Da zan tafi ya raka ni har titi.

Lahadi, da hantsi

Mu biyu muka rage. Ba wanda ya san muryar Inna sai ni da shi. Ba wanda ya san ni ina yarinya sai shi. In ya tafi, kowa a garin nan da furfura ya san ni.

Litinin, da rana

Dogo ya tura ni wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe, bayan tashar manyan motoci. Dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya auna giyar ta kowane gefe, ya ce zai iya fitar da irinta sak, amma ba shi da wutar da zai gasa ta ta yi taurin asali. Za ta yi kyau a ido, ta narke a hanya. Ya ce in tafi da kayana, ba ya son alhakina.

Daga nan na wuce inda ake farfasa tsofaffin motoci. Fili ne iya ganinka, motoci a kan motoci. Na yi ta bi ina leƙa gaban kowace shuɗiya kamar mai neman ɗanta a taro. Na ga irinta guda, ja, an riga an yashe cikinta, ciyawa ta fito ta wurin giyar.

Talata, da yamma

An sallame shi. An sa masa gado a falo saboda ƙofar ɗakin ta yi wa keken guragunsa kaɗan. Anti ta fara ɗaure kaya a kwalaye. Ta tambaye ni ko ina son tukwanen Inna, tunda ba za su tafi da su ba. Na ce zan duba. Ban duba ba.

Ina wanke kwanuka ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce, a hankali, ba faɗa ba, “Auta, kin san ba don shi kike gyaran nan ba ko?”

Na ci gaba da wanke kofin da na riga na wanke.

Alhamis, da safe

Ba kira. Ba kira. Na daina duba wayar, sai in ga na duba.

Juma'a, da yamma

Wata mai kawo mini ɗinki ta zo karɓar rigarta, ta ga giyar a kan keken ɗinki, ta tambaya. Na ba ta labari a taƙaice. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma tsohuwar shugabar makarantarsu tana da wata tsohuwar mota a tsakar gida, da can in ta taso sai ka ji tana fito kamar tsuntsu, su ɗalibai da jin fiton suke rugawa aji. Ta ce shekaru ke nan ba ta motsa ba.

Na kira Dogo na tambaye shi ko turbo na fito. Ya ce, “Ina gidan yake?”

Asabar, da yamma

Gida ne mai tsohon ƙyaure, da bishiyar lemo a tsakiya. Motar na ƙarƙashinta, fara, tayoyi duk sun kwanta. Dogo ya leƙa ta gilashi, ya ga sandar giya, ya ɗaga bonet, ya juyo ya gyaɗa mini kai.

Malama tsohuwa ce ƙwarai, idonta ya yi fari, amma muryarta na nan ta shugabar makaranta. Ta sa aka ba mu kujeru, ta ce in yi bayani daga farko, kada in tsallake. Na yi. Ta ce motar ba ta sayarwa ba ce, masu gwangwan sun zo har sun gaji. Da albashinta ta saye ta, ita ta fara tuƙa mota cikin matan unguwar, maza na tsayawa kallo. Ruwa ne ya shiga injin wata shekara da aka yi ambaliya, kafin a gyara shi, idonta ya tafi.

Ta tambayi shekarun Yaya, ta ce ai yaro ne. Ta tambaya ko zai ƙara tuƙi. Ba wanda ya yi mini tambayar kai tsaye sai ita. Na ce a'a. Yau na fara faɗa da bakina.

Ta ce, “Ku cire abin da kuke so daga ƙasa. Kujeru da sitiyari ku bar mini, ina shiga in zauna da la'asar. Kuma kada ku karya mini reshen lemo.”

Na fara zancen abin da za mu ba ta, ta ɗaga hannu kamar mai tsawata wa aji. Ta ce in ɗinka mata riga mai aljihu biyu manya, teloli sun daina sa wa mata aljihu.

Na auna ta a tsaye a gindin lemon. Sai da na sake awon kafaɗa.

Litinin, da rana

Dogo ya buɗe na Malama. Giyar lafiya lau, sandar kamar ba a taɓa amfani da ita ba. Zoben ya ɗan ci, amma ya fi namu nesa ba kusa ba. Ya ce Malama ba ta wahalar da giya ba, Yaya kuwa... sai Dogon ya yi murmushi. Na ce ya faɗa, na san yadda yayana ke tuƙi.

Ya ajiye duk sauran aikinsa. Masu motoci na ta masifa a bakin gareji, ya ce musu su je su kai ƙara.

Laraba, da yamma

Na kai wa Malama rigarta. Ta zura hannuwa cikin aljihun har wuyan hannu, ta ce yanzu aka yi ɗinki.

Gidan Yaya ya zama kwalaye. An cire hotuna, bangon ya bar shacinsu. Asabar za su tafi.

Juma'a, da yamma

An gama da rana. Dogo ya ce zai kai mini ita gidan Yaya, na ce ni zan kai. Rabona da motar giyar hannu tun ina da aure. Ta mutu mini a bakin gareji, ta ƙara mutuwa a mahaɗar hanya, masu mota na ta yi mini ham. Na isa dai.

Ban kashe ta ba da na tsaya a ƙofar gida. Ina fitowa na ji wani sauti daga falo, ba kalma ba, amma da ƙarfi. Anti ta leƙo da gudu. Na shiga na tarar Yaya ya yunƙura ya kama hannun kujera da hagunsa.

Ɗansa ya ce iska ta yi yawa, kuma gobe akwai doguwar tafiya. Yaya ya buga hannun kujerar. Ya ƙara bugawa. Sai yaron ya sunkuya ya ɗauki ubansa kamar jariri, ya kai shi kujerar gaba ta mai zaman banza, ya ɗaura masa bel. Na ga yaron yana share fuska da kafaɗa.

Na shiga, na taka kuloci, na kai hannu kan giya sai na tarar da hannunsa a wurin. Daga inda yake zaune, hagunsa ce ke kusa da ita. Ya ture yatsuna. Na ce, “Na taka.” Ya sa ta ɗaya. Na saki da gaggawa, motar ta yi tsalle ta mutu. Ya yi wani sauti ta hanci, wanda na sani tun ina ƙarama, wanda yake yi in na yi shirme.

Na sake tayarwa. Muka bi titin bayan gidan ruwa inda ya yi aiki, ba motoci sosai. Na taka, ya sa ta biyu. Inji ya ɗauka. Na taka, na ce masa na taka. Hannunsa ya tsaya a tsakiya, yana jiran gurnanin da ya saba ji, sannan ya tura. Ta shiga shiru. Na ba ta wuta, ta fara fiton nan nata, siriri, yana hawa.

Ban dube shi ba. Ina jin numfashinsa, na san in na duba zan kai mu kwata. Muka je ƙarshen titi muka juyo, muka sake komawa, muka sake juyowa. Bai sa ta huɗu ba ko sau ɗaya. A ta uku muka yi ta tafiya, injin na kuka, ni kuma ban ce masa ya canza ba.

Da muka dawo ya ƙi a fitar da shi. Aka bar shi a ciki har rana ta faɗi, Anti ta kai masa shayi can.

Asabar, da rana

Sun tafi.

An kwantar da shi a bayan motar ɗansa da matasai. Maƙwabta sun fito, kowa na addu'a. Anti ta rungume ni, ta ce abin da ta faɗa mini ranar nan in yafe mata. Na ce ba ƙarya ta yi ba. Yaron ya ce motar ta zauna a wurina, ya sa mini makullin a hannu ya rufe da nasa hannun.

Na leƙa ta taga in yi sallama. Yaya ya kama mayafina. Bakinsa ya fara aiki, jijiyar wuyansa ta tashi. Tun ranar da ya faɗi ba a ji kalma daga bakinsa ba. Na sa kunnena kusa. Na ɗauka sunana zai kira.

Ya ce, “Mai.” Ya huta. Ya ce, “Duba... mai.”

Na ce, “To, Yaya.”

Ya sake ni. Na bi su a baya da shuɗiyar har inda gidaje suka ƙare, na tsaya a gefen hanya, na ga motarsu ta hau gada ta sauka.

Lahadi, da safe

Na duba. Cike yake.